Hular NY da Dukiyar da ke Bayanta: Tarihin Kuɗin Wasan Besbol



Da wuya mutum ya ratsa kasuwa a zangonninmu bai ga saurayi sanye da hula mai baki ba, wadda aka saƙa wa haruffa biyu, N da Y, ɗaya ya hau kan ɗaya. Mafi yawan masu sa ta sun ɗauka sunan birnin Niyok ne kawai. Alhali kuwa tambarin wata ƙungiyar wasa ce mai suna Yankees, kuma filinta yana unguwar Bronx, inda 'ya'yanmu da ƙannenmu da dama da suka tafi neman abinci Amurka suke zaune. Wasan da take yi shi ake kira besbol.

Mu nan ƙwallon ƙafa muka tashi muka tarar, don haka bari mu fara da bayanin wasan a taƙaice. Mutum tara ne a kowane ɓangare. Ɗaya ya jefo wata 'yar ƙwallo mai tauri, abokin karawarsa ya doke ta da kulki, sannan ya sheƙa da gudu ya zagaya tashoshi huɗu kafin a dawo da ita. In ya doke ta har ta tsallake katangar fili, to ya zagaya a tsanake, babu mai tare shi. Wannan bugun tsallake katanga shi ne abin da ke tayar da 'yan kallo tsaye. Ga mai kallo daga nesa, wasa ne mai yawan tsaye-tsaye da jira. Amma a shekarar 2023 mutum sama da miliyan 70 suka shiga filayensa, kuma kuɗin da babbar gasar ta tara ya haura dala biliyan 11. Me ke riƙe da wannan dukiya?

Abu na farko shi ne yawan wasa. A gasar Firimiya ta Ingila kowace ƙungiya wasa 38 take yi a shekara. A besbol kuwa ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana yin wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, 81 daga ciki a gidanta. Wato sau 81 ake buɗe ƙofa a sayar da tikiti da abinci da abin sha da huluna. Ɗan kasuwa ya san bambancin kasuwar da ke ci mako-mako da wadda ke ci kullum. Wasan da ake yi kusan kowace rana har wata shida yakan shiga jikin mutane kamar hirar dare: magidanci ya taso daga aiki ya kunna rediyo, ɗansa na gefe yana ji, shi ma ya girma ya kai nasa ɗan filin da aka kai shi. Wannan sabo da ake gada shi ne jarin asali, sauran duk a kansa aka ɗora.

An fara biyan 'yan wasa albashi a fili a 1869, lokacin da wata ƙungiya a birnin Sinsinati ta ɗauki dukkan 'yan wasanta aiki. A 1876 aka kafa gasar National League, kuma tun daga ranar aka raba aiki: masu kuɗi su mallaki ƙungiyoyi, 'yan wasa su zama ma'aikata. Bayan shekara uku, a 1879, masu ƙungiyoyin suka ƙulla wata yarjejeniya a tsakaninsu wadda ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa. Ko wa'adinsa ya ƙare ba shi da ikon komawa wani wuri, sai in uban gidansa ya sayar da shi ko ya sake shi. Da babu mai taya shi, albashinsa ya zama abin da aka ga dama. Wannan ƙa'ida ta yi kusan shekara ɗari tana aiki.

A 1922 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙara musu ƙarfi. Ƙasar tana da doka da ta hana 'yan kasuwa haɗa baki su danne masu neman shiga sana'a, amma kotun, ta bakin alƙali Oliver Wendell Holmes, ta ce besbol ba irin cinikin tsakanin jihohi ba ne da dokar ta shafa. Har yau wannan hukunci bai faɗi ba, ko da yake an rage masa kaifi. A gasar ba a korar ƙungiya zuwa ƙasa don ta yi na ƙarshe, kuma ba a kafa sabuwa sai da yardar tsofaffi da biyan kuɗi mai nauyi. Saboda haka ƙungiyoyi suka yi ƙaranci, birane masu so suka yi yawa, sai mai ƙungiya ya samu abin tsoratar da hukuma: a gina mini fili, ko in tashi. Ba kuri ba ne. A 1958 Dodgers suka bar unguwar Brooklyn suka koma Los Anjalis, Giants suka bar Niyok suka koma San Faransisko. Filin Camden Yards na Baltimore, wanda aka buɗe a 1992 ya zama abin koyi ga sauran, da kuɗin jama'a aka gina mafi yawansa. A ƙarshen kakar 2024 ƙungiyar Athletics ta bar birnin Oakland bayan shekara 57, da niyyar komawa Las Vegas, inda jihar Nevada ta amince ta saka har dala miliyan 380. A ganinmu nan akwai abin dubawa, domin talakan da bai taɓa shiga filin ba shi ma harajinsa na cikin ginin, riba kuwa aljihu ɗaya take shiga.

Sai dai doka da fili ba su isa su riƙe wasa ba in amana ta karye, kuma an ga haka a 1919. A wasan ƙarshe na wannan shekara ƙungiyar White Sox ta Shikago, wadda kowa ke ganin ita za ta ci, ta sha kaye a hannun Sinsinati. Shekara na zagayowa asiri ya tonu: an zargi 'yan wasanta takwas da karɓar kuɗi daga 'yan caca don su faɗi da gangan. Ruwa ba ya tsami banza, domin mutanen da aka ɗaure da albashin da ba su da bakin magana a kansa, ba wuya mai jaka ya samu kunnensu. Masu ƙungiyoyi suka gane cewa in mai sayen tikiti ya fara zargin an shirya sakamako tun a ɗaki, to kasuwa ta watse. Sai suka ɗauko wani alƙali mai zafi, Kenesaw Mountain Landis, suka naɗa shi shugaba da cikakken iko. A 1921 kotu ta wanke mutanen, amma washegari Landis ya kore su daga wasan har abada. Hukuncin ya yi tsauri, kuma har yau ana gardama a kan laifin wasu daga cikinsu, amma ya dawo wa mutane da natsuwa.

A daidai lokacin kuma aka samu gwanin da ya mantar da mutane baƙin ciki. Ƙungiyar Red Sox ta Bostan ta sayar wa Yankees da Babe Ruth a kan dala 100,000. A 1920 ya buga tsallake katanga 54, adadin da kusan dukkan ƙungiyoyin gasar ba su kai ba ko an haɗa 'yan wasansu gaba ɗaya. A shekarar Yankees suka zama ƙungiya ta farko da 'yan kallonta suka haura miliyan ɗaya, kuma a 1923 suka buɗe katafaren filinsu a Bronx. Darajar hular nan da yaranmu ke sawa daga nan ta samo tushe.

Labarin rediyo yana da ban dariya. An fara watsa wasa ta rediyo a 1921 a birnin Pittsburgh, amma masu ƙungiyoyi da yawa suka tsorata, suna cewa wa zai biya kuɗin shiga alhali zai ji kyauta a gida? Ƙungiyoyin Niyok uku har yarjejeniya suka yi a shekarun 1930 ta hana watsa wasanninsu. Daga baya suka ga akasin abin da suka zata: wanda ya saba ji shi ke ɗokin zuwa ya gani. A 1935 aka yi wasan dare na farko a babbar gasar da hasken lantarki, ma'aikaci ya samu damar zuwa bayan tashi daga aiki, a 1939 kuma talabijin ya shigo.

Duk wannan zamani baƙar fata ba ya shiga babbar gasar. Suna da tasu, wadda Rube Foster ya kafa a 1920, da gwanaye da 'yan kallo masu yawa. A 1947 Branch Rickey na Dodgers ya sa Jackie Robinson a fili, ya jure zagi da barazana, ya kuma nuna gwaninta. An gyara zalunci, wannan babu shakka. Amma ta fuskar kasuwa, Rickey bai biya tsohuwar ƙungiyar Robinson ko sisi ba, kuma cikin 'yan shekaru gwanaye da 'yan kallo suka ƙaura, ƙungiyoyin baƙaƙe, waɗanda suna cikin manyan sana'o'in da baƙar fata ya mallaka a ƙasar, suka durƙushe.

Igiyar 1879 kuwa sai a 1975 ta tsinke. A 1966 'yan wasa suka ɗauko Marvin Miller, masanin ƙungiyoyin ƙwadago, ya shugabanci tasu, lokacin da matsakaicin albashi bai wuce kimanin dala 19,000 a shekara ba. A 1969 Curt Flood ya ƙi yarda a musanya shi daga St. Louis zuwa Filadalfiya kamar kaya, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya faɗi a 1972, sana'arsa ma ta mutu. Amma ya buɗe hanya, domin a 1975 mai sasantawa Peter Seitz ya yanke cewa ɗan wasa na iya cika wa'adinsa ya zama mai cin gashin kansa. Masu ƙungiyoyi suka yi ta kukan cewa wasa ya mutu. Bai mutu ba: albashi ya hau, 'yan kallo suka ƙaru, darajar ƙungiyoyi ta ninka. George Steinbrenner da abokansa sun sayi Yankees a 1973 a kan kimanin dala miliyan 10, yau ana ƙiyasta ta da biliyoyi.

Rabon wannan dukiya shi ya kawo karyewar amana ta biyu. A watan Agusta na 1994 'yan wasa suka shiga yajin aiki, aka yi kwana 232 ana ja-in-ja, aka soke wasan ƙarshe, abin da ba a yi ba ko a lokacin yaƙe-yaƙen duniya biyu. Umarnin alƙaliya Sonia Sotomayor ne ya kawo ƙarshensa a 1995. Da aka dawo, 'yan kallo suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, domin mai neman na cefane ba ya tausayin attajirai biyu da ke faɗa a kan rabo. Abin da ya fara sanyaya zukata shi ne Cal Ripken, wanda a shekarar ya cika wasa 2,131 a jere bai taɓa fashi ba, halin da duk mai zuwa aiki kullum ya gane. Sai tseren 1998, inda Mark McGwire ya buga tsallake katanga 70, Sammy Sosa ya buga 66. Filaye suka cika, shugabanni suka kau da kai daga raɗe-raɗin shan maganin ƙara ƙarfi, har McGwire da bakinsa ya amsa a 2010.

A wannan ƙarni babban kuɗi daga talabijin ya fito. Tashoshin yanki suna sayen wasannin ƙungiyar garinsu, sannan a cusa kuɗin cikin abin da kowane gida ke biya duk wata, da mai kallon wasan da wanda bai damu ba. Dodgers kaɗai sun ƙulla cinikin sama da dala biliyan 8 na shekara 25. Da mutane suka fara yanke wayar talabijin suna komawa intanet, ginin ya girgiza, kuma a 2023 kamfanin Diamond Sports, mai watsa wasannin ƙungiyoyi fiye da goma, ya shiga kariyar masu bashi. A shekarar aka sa agogo a kan mai jifa don a rage jira, wasa ya ragu da kusan minti 25, 'yan kallo suka ƙaru. An kuma buɗe ido ga ƙasashen waje. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan wasa ba a Amurka aka haife su ba, kowace ƙungiya tana da makarantar horar da samari a Jamhuriyar Dominika, inda ake ɗaukar yaro yana ɗan shekara 16, kuma kaɗan ne ke kaiwa gaci. Dodgers da suka ba Shohei Ohtani na Japan kwantiragin dala miliyan 700 sun san cewa kamfanonin ƙasarsa da 'yan kallonta za su biyo shi.

Sabuwar ƙofar kuɗi kuwa tsohuwa ce. A 2018 Kotun Ƙoli ta soke dokar da ta hana yawancin jihohi halatta caca a kan wasanni, kuma kafin shekarar ta ƙare gasar ta ƙulla ciniki da kamfanin caca na MGM. Gasar da ta kori mutum takwas a 1921, ta kuma kori Pete Rose a 1989 duk da babu wanda ya kai shi yawan bugu a tarihi, yau tallan caca na yawo a filayenta da allon talabijin. A watan Yuni na 2024 aka kori Tucupita Marcano, ɗan Banizuwela mai shekara 24, har abada, saboda ya yi caca a kan wasannin ƙungiyar da yake ciki. Dokar da ta hana 'yan wasa caca tana nan manne a bangon kowane ɗakin da suke sauya kaya.