Ungulu: Tsuntsuwar Da Ke Ɓacewa A Ƙasar Jibiya

Ungulu tana daga cikin tsuntsayen da aka fi sani a ƙasar Hausa. A da, daga Gangara zuwa Jibiya da Batsari, da wuya a je mahauta ko kasuwa ba a tarar da ungulaye a kan kuka da rimi da giginya ba. A yau kuwa akwai samari a garuruwanmu waɗanda a karin magana kaɗai suka san ta.

Irin da muka saba da ita, mai zama kusa da mutane, masana suna kiranta Necrosyrtes monachus. A shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Babban abin da ya kawo haka shi ne cinikin sassan jikinta, musamman kai, domin tsibbu da neman sa'a. Da ungulu ta yi ƙaranci a Najeriya sai kuɗinta ya tashi, fatake suka koma sayo ta daga Nijar da Chadi da Kamaru. Wannan ne ya sa garuruwan kan iyaka irin namu suke da ruwa da tsaki a al'amarin. Masu kamun sukan barbaɗa guba a kan mushe, ta yadda gawa guda za ta hallaka garke sukutum. A ƙasar Gini Bisau an kashe kimanin 2,000 ta wannan hanya a 2020. Wasu ma sukan gasa namanta su sayar da sunan na kaza, ungulu da kan zabo ke nan a zahiri. Sare manyan itatuwa kuma ya rage mata wurin sheƙa.

Abin da ya ƙara muni shi ne ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, saboda haka ɓarnar wuni guda sai an yi shekaru ba a mayar da ita ba. Najeriya tana da dokar hana fataucin irin waɗannan halittu tun 1985, an kuma yi mata gyara a 2016, amma aiwatar da ita a kasuwannin ƙauye yana da rauni.

Ungulu ita ce ke share mushe kafin ya ruɓe. A Indiya, inda wani maganin shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na ungulaye tun daga shekarun 1990, karnukan titi sun yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru, har gwamnati ta haramta bai wa dabbobi maganin a 2006.