Tsufar da fatar agogo

Tsufar da fatar agogo hanya ce ta sarrafa sabon maɗaurin agogo na fata domin ya yi kama da wanda aka daɗe ana ɗaurawa. Duhu da sheƙin da fata ke yi idan ta kwana biyu shi ne Turawa ke kira patina, kalmar da ta samo asali daga Italiyanci. Ba kowace fata ke yin wannan kyau ba. Abin ya dogara ne ga yadda aka jeme ta.

Irin fatar da ta dace

Fatar da aka jeme da bagaruwa ita ce ta fi karɓar tsufa. Da irinta aka san Sakkwato. Majema kan jiƙa fatar jar akuya a ruwan toka don cire gashi, su tsoma ta a ruwan ’ya’yan bagaruwa da aka daka, sannan su shafe ta da mai. Dukawa na rina ta ja da karan dafi, rawaya da gangamau, baƙi kuma da ruwan ƙarfe. A da fatake na tsallaka Sahara da wannan fata zuwa Arewacin Afirka, daga nan ta wuce Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko, ana yi wa littattafai bango da ita.

Sinadarin tanin da ke cikin bagaruwa yana ƙara duhu idan ya sha rana da iska da maiƙon jiki. Ita kuwa fatar masana’anta da ake jemewa da gishirin kuromiyam, hanyar da Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884, ba ta cika canza launi ba, musamman idan an rufe fuskarta da fenti. Irin wannan sai dai ta ɓare.

Yadda ake yi

Da farko ana cire maɗaurin daga jikin agogon. A shanya shi a rana na ɗan lokaci ana juyawa, har launin ya nuna. Daga nan a lanƙwasa shi a murza da hannu don ya yi laushi da ’yan tamoji. Sai a shafa man kaɗe kaɗan da tsumma, a fi ba gefuna da wajen ramuka ƙarfi, domin nan ne tsohon maɗauri ya fi duhu. A ƙarshe a goge da kakin zuma don ya yi sheƙi.

Illoli

Mai da yawa yana sa fata ta saki, ramuka su buɗe, har agogo ya iya suɓucewa daga hannu. Rana mai zafi irin ta Sakkwato da bushewar hunturu kan sa ta tsage idan aka bar ta babu mai. Ƙarfe mai tsatsa kuma na bar mata baƙin tabon da ba ya fita.

Akwai kuma batun ciniki, domin akan iya sayar da sabon maɗauri a matsayin tsoho. Ana gane na ainihi ta cikinsa: yakan nuna tabon gumi, kuma rami ɗaya yakan fi sauran buɗewa, wanda mai agogon ya saba sawa.