Jitar Lantarki a Majami'a: Tarihin Wani Zaɓi



Gabatarwa

Batun da za mu duba a yau ƙarami ne a ido, wato wace irin jitar lantarki ce ta dace da rukunin mawaƙa a majami'a. Tambaya ce da matasan Kirista kan yi wa juna duk lokacin da ikilisiya ta tara kuɗin sayen kayan kiɗa, sau da yawa kuma takan jawo saɓani tsakaninsu da dattawa. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Idan muka waiwaya za mu ga an ƙirƙiro jitar lantarki ne domin a ji mutum ɗaya a bisa sauran makaɗa, alhali kuwa abin da majami'a ke bukata shi ne a ji jama'a gaba ɗaya suna waƙa. Tarihin zaɓen jita a majami'a tarihi ne na sasanta waɗannan bukatu biyu.

Gardamar ta girmi jita

Jayayya a kan kayan kiɗa a wurin sujada tsohuwa ce ƙwarai. Ko da yake Zabura ta 150 ta ambaci ƙaho da kayan tsirkiya da kuge, yawancin ikilisiyoyin Otodoks na Gabas da murya kaɗai suke waƙa har yau. A zamanin gyaran addini na ƙarni na 16, an cire ogan daga majami'un birnin Zurik a 1527, John Calvin kuma bai yarda da kayan kiɗa a sujadar Janiba ba. A 1644 majalisar dokokin Ingila ta ba da umurnin a fitar da ogan daga majami'u. Ogan ɗin nan da dattawan yau ke ɗauka shi ne asalin kiɗan coci, shi ma an taɓa yi masa kallon baƙo. A 1903 Paparoma Pius na 10 ya hana amfani da piyano da ganguna a cikin majami'ar Katolika. Amma fa jita irin ta gargajiya ta riga ta leƙa coci tun kafin wannan, domin da ita aka fara rera waƙar Kirsimeti ta "Stille Nacht" a garin Oberndorf na ƙasar Ostiriya a 1818.

Yadda lantarki ya shiga jita

Jita ta gargajiya, kamar garaya da kuntigi, da ƙoƙonta take ƙara sauti: tsirkiya ta girgiza, ƙoƙon ya ɗauka ya yaɗa. Wannan ya isa a zaure, amma a manyan rukunan kiɗan jaz na Amurka ƙahoni da ganguna sukan danne ta sarai. A 1931 George Beauchamp ya ƙera wata jita a birnin Los Anjalis, wadda shi da Adolph Rickenbacker suka fara sayarwa a 1932. Saboda siffarta aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Sirrinta yana cikin wata 'yar na'ura da ake kira pikof, wadda za mu kira kunnen jita. Maganaɗisu ne aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kusa da shi, sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wannan motsi ya haifar da ɗan lantarki a cikin wayar, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, lasifika kuma ta mayar da shi sauti.

Kamfanin Gibson ya fitar da ES-150 a 1936, da ita kuma Charlie Christian ya yi suna bayan ya shiga rukunin Benny Goodman a 1939. Sai dai waɗannan jitoci suna da rami a ciki, idan an ƙara sauti sai ƙarar lasifika ta koma cikin ramin ta sake girgiza tsirkiya, a ji wani kuka mai huda kunne. Maganin wannan shi ne a yi jikin jita da katako curi guda. Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na Kalifoniya, ya fitar da irin wannan a 1950, aka raɗa mata suna Telecaster a 1951. Gibson suka amsa da Les Paul a 1952, Fender kuma ya ƙaro Stratocaster mai kunne 3 a 1954.

Akwai sauran matsala guda. Kunne mai naɗi ɗaya yakan tsinci gurnanin wutar lantarkin da ke cikin ɗaki. Wani injiniyan Gibson, Seth Lover, ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, ta yadda gurnanin da ɗaya ya ɗauko ɗayan zai soke shi. An nemi rajistar wannan ƙirƙira a 1955, aka sa ta a jikin Les Paul a 1957. A 1958 kuma Gibson suka fito da ES-335, wadda ke da rami a gefe biyu da katako curi a tsakiya. Daga 1950 zuwa 1958, shekara 8 ke nan, aka kafa dukkan manyan zaɓuɓɓukan da makaɗin coci ke fuskanta a yau.

Waɗanda suka fara kai ta coci

Mutane da yawa suna zaton daga gidan rawa jitar lantarki ta shigo majami'a a makare. Tarihi ya nuna cewa majami'un Baƙaƙen Amurka suna cikin waɗanda suka fara rungumar ta. Tun a ƙarshen shekarun 1930 wasu 'yan'uwa biyu, Troman da Willie Eason, suka shigar da jitar da ake kwantarwa a cinya ana goga mata ƙarfe cikin ikilisiyar House of God, inda ta zama jagorar kiɗan sujada, tana kwaikwayon hawa da saukar muryar mai waƙa. Haka nan Sister Rosetta Tharpe, wadda aka haifa a 1915 a jihar Akansas, ta tashi a ikilisiyar Church of God in Christ, ta fara ɗaukar faifai a 1938. Salon kiɗanta ya yi tasiri a kan Chuck Berry da Elvis Presley, wato kiɗan rok da kansa yana da saiwa a coci. Duk da haka ta sha suka daga masu ibada, saboda ta kai waƙoƙin bishara gidajen shaƙatawa na dare. Abin lura a nan shi ne, abin da ya dami masu sukan shi ne wurin da ake kaɗa jitar da kuma irin mutanen da ake danganta ta da su.

Sauran ikilisiyoyi sun biyo baya. Babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya girmama ogan, amma ya buɗe ƙofa ga sauran kayan kiɗa bisa amincewar shugabannin ikilisiya na kowane yanki. A wajen Furotesta kuwa, a ƙarshen shekarun 1960 matasa masu dogon gashi suka riƙa tururuwa zuwa majami'ar Calvary Chapel ta Costa Mesa a Kalifoniya, Fasto Chuck Smith ya ba su dama su yi waƙa da jitocinsu, a 1971 kuma aka kafa kamfanin faifai na Maranatha! Music. Daga nan ne salon waƙoƙin yabo na zamani ya bazu, ta hanyar ikilisiyoyin Vineyard, daga baya kuma Hillsong ta Ostiraliya.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Makaɗan waɗannan ikilisiyoyi sun gane cewa salon gwanin rok, mai fitowa gaba ya nuna bajinta, yana sa jama'a su yi shiru su zama 'yan kallo. Sai suka ari salon The Edge, makaɗin rukunin U2 na ƙasar Ayalan, wanda ke taɓa tsirkiya kaɗan ya bar na'urar amsa-kuwwa ta maimaita sautin. Da wannan dabara jita takan koma baya, ta shimfiɗa sauti kamar tabarma, muryoyi su hau kai.

A Nijeriya

A ƙasar nan jita ta fara zama ne a bakin teku, inda matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya suka yaɗa salon kaɗa ta, daga baya ta zama ƙashin bayan kiɗan hailaif da juju. I. K. Dairo, gwanin juju, ya kasance jigo a ikilisiyar Kerubim da Serafim, Ebenezer Obey kuma ya koma ga aikin bishara a shekarun 1990. A Arewa, 'yan mishan na SIM sun iso Nijeriya a 1893, na SUM a 1904, an kuma buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Waƙoƙin da suka fassara da karin Turawa ake rera su, da yawa daga cikin 'yan mishan kuma sun yi ɗari-ɗari da ganga saboda dangantakarta da addinin gargajiya. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata suna cikin waɗanda suka dawo da karin gida, da tulu da caki. Jita kuwa hannun matasa ta biyo, Panam Percy Paul, ɗan Adamawa mazaunin Jos, yana cikin waɗanda suka ba ta martaba a waƙar bishara.

Abin da tarihi ke koya wa mai zaɓe

Na farko, kunne. Mai naɗi ɗaya, irin na Telecaster da Stratocaster, sautinsa siriri ne mai haske, yana ratsawa tsakanin piyano da muryoyi ba tare da ya cika wuri ba. Aibinsa shi ne gurnani. Wutar Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, a majami'ar da ke aiki da janareta ko wadda ba a binne wayar ƙasa da kyau ba, wannan gurnani yakan fito fili daidai lokacin da aka yi tsit domin addu'a. Mai naɗi biyu ya fi shiru, sautinsa ya fi kauri, sai dai kaurin nan yana iya cakuɗewa da muryoyin maza da hannun hagu na mai piyano. Shi ya sa wasu ke zaɓen jitar da ta haɗa iri biyun.

Na biyu, jiki. Jita mai rami duka tana da zaƙi, amma a ƙaramin ɗaki mai rufin kwano da lasifika a kusa, kukan nan na shekarun 1930 zai dawo. Les Paul kuma, da yake da katakon mahogani aka yi ta, takan kai kilo 4 ko fiye, wanda zai rataya ta sa'a 3 a sujadar Lahadi ya kamata ya yi tunani. Wuyan jitar Fender da kusoshi aka ɗaura shi, ana iya kwancewa a gyara ko a sauya, na Gibson kuwa manne shi aka yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda hunturu ke busar da katako, damina ta kumbura shi.

Na uku, kuɗi. Kuɗin baiko ne na talakawa, kamfanonin nan biyu kuma suna da rassa masu rangwame, Squier na Fender da Epiphone na Gibson. Jita mai matsakaicin farashi wadda ke riƙe saitinta, tare da amfilifaya mai kyau da tsirkiyoyin canji, ta fi mai tsada wadda ta cinye kuɗin duka.

Kammalawa

Kayan aro ba ya rufe katara. Sautin da ya dace da babban zaure a Sidni ba lalle ne ya dace da majami'ar ƙauye da mata ke amsa waƙa da tulu ba. 'Yan'uwan nan Eason sun yi nasara ne domin sun sa jita ta bi muryar jama'arsu. Saboda haka gwajin da ya fi dacewa shi ne a kai jitar cikin majami'ar, jama'a su tashi su yi waƙa, wani ya tsaya a sahun ƙarshe ya saurara. Idan yana jin kalmomin waƙar sarai, yana kuma jin jitar a ƙarƙashinsu, to an yi zaɓi nagari.