Gashin Awaza a Minna: Gadon da Jirgin Ƙasa Ya Kawo Mana

Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihin wani abu da muke ci muna lashe yatsu amma ba mu cika tambayar asalinsa ba, wato gashin awazar rago da ake yi idan dangi sun taru da Babbar Sallah ko suna ko biki. A ganina wannan gashi na daga cikin gadon da iyayenmu suka shigo da shi garin nan, kuma yana neman kuɓuce mana.

Kowa ya sani Minna garin Gbagyi ne, waɗanda muke kira Gwarawa, kuma a labarin da dattawansu ke bayarwa sunan garin ma daga wuta ya samo asali, domin a da akwai al'adar kashe wutar gari sau ɗaya a shekara, a ɗebo sabuwa a rarraba gida-gida. Mu kuwa akasarinmu jirgin ƙasa ne ya kawo kakanninmu. A 1907, zamanin Gwamna Girouard, Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Baro a bakin kogin Kwara, ya ratsa ta Minna ya isa Kano a 1911, sannan layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗu da shi a nan. To, duk inda leburori suka taru sai an ci abinci, don haka 'yan kasuwa da malamai da maƙera da mahauta suka biyo su daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato. Ku dubi sunayen tsofaffin unguwanninmu, Limawa da Maƙera da Kwangila, za ku ga sana'o'in waɗanda suka fara zama. Har tashar jirgi akwai a kan hanyar Kaduna mai suna Sarkin Pawa, wadda ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Munya.

Mahautan nan ba fiɗa kawai suka iya ba, sun zo da tsire da balangu da kilishi, kowanne da irin wutarsa. Haka 'yan uwansu suka yi a Sabon Ibadan da aka kafa a 1916, da Agege, da zango-zangon Gana, har mutanen kudu suka laƙaba wa tsire suna "suya", alhali a wurinmu suya a mai ake yin ta. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 zamanin Janar Murtala, Minna ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, sai tukubar mai tsire ta bazu har Bosso da Tunga da Chanchaga.

To amma tsire daban, awaza daban. Tsire tsoka ce da aka yanka falle-falle, ba ta ɗaukar lokaci. Awaza kuwa ƙashi ne da kitse da jijiya, in ka ba ta wuta mai ƙarfi sai bayanta ya ƙone cikinta ya yi tauri kamar ƙirgi. Abin da na koya daga tsofaffin mahauta shi ne, ba a gasa awaza da harshen wuta, sai itace ya cinye ya zama garwashi. A ɓare yanar da ke cikin haƙarƙarin, a shafa gishiri da citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari da ɗan kimba, a bar shi ya kwana ko ya yi sa'o'i. Sannan a jingina shi nesa da garwashin, gefen ƙashi na duban wuta, ana juyawa ana shafa man gyaɗa, har wajen awa 3. Wannan jinkirin shi ke narkar da jijiyar, naman ya saki ƙashi da kansa. Ƙuli-ƙuli kuwa sai can ƙarshe ake barbaɗa shi, domin yana saurin ƙonewa ya kawo ɗaci. Da an sauke sai a naɗe shi cikin takarda mai tsabta da albasa ya huta, zufarsa ta ƙarasa aikin. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram har rago sukutum suke banƙarewa a jikin sanduna su kewaye wuta da shi, ya wuni yana gasuwa a hankali.

Abin da ke damuna shi ne gaggawa ta shigo mana. Rago ya yi tsada, rashin tsaron da ya addabi yankunan Mariga da Rafi da Shiroro da Munya ya taɓa kiwo da kasuwannin dabbobi, amma duk da haka sai ka ga an sayi dabba da kyar an miƙa wa yara sun babbake ta cikin rabin awa. Wasu ma har ƙwayar farasitamol suke jefawa a tukunya wai don nama ya yi laushi, abin da likitoci suka sha gargaɗi a kai. In tsohon rago ne, ai ganyen gwanda ya isa, a naɗe naman a ciki kafin gashi. 'Ya'yan mahauta da yawa sun koma boko da wasu sana'o'i, wannan ba laifi ba ne, amma ilimin yana tafiya tare da tsofaffi.

Sannan mu tuna cewa awazar nan ba ta 'yan gida kaɗai ba ce. Iyayenmu sun zauna lafiya a ƙasar mutane ne domin in sun gasa sukan aika wa maƙwabcinsu Bagwari da Banufe da Bayarabe, Musulmi ne ko Kirista. Shawarata, a Sallah mai zuwa kowane gida ya zaunar da samarinsa kusa da dattijon da ya iya, su ga yadda ake tsare garwashi, kuma a ware kason maƙwabta tun kafin a fara ci. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Jihar Neja lafiya. Wassalam.