Ciyawar Roba: Labarin Filin Da Aka Shafa Wa Fenti

Yau za mu ɗan jingine labarin soyayya, mu leƙa tarihin wannan koriyar shimfiɗa da masu hali ke malalawa a bayan gida don yara su buga ƙwallo, wato ciyawar roba. Da yawa sun ɗauka sabon yayi ce, alhali ta haura shekara sittin a duniya.

Tun kafin 1960 wata damuwa ta taso a Amurka, cewa yaran birni ba su kai na ƙauye ƙarfin jiki ba, don ba su da filin guje-guje sai kwalta da siminti. Gidauniyar Ford ta shiga neman mafita, kamfanin Chemstrand, reshen Monsanto, ya karɓi aikin. Masanansa biyu, James Faria da Robert Wright, suka saƙa wata darduma da zaren nailan mai kama da ciyawa, aka sa mata suna ChemGrass. A 1964 aka fara shimfiɗa ta a makarantar Moses Brown da ke birnin Providence. Ba wanda ya damu da ita sosai.

Abin da ya fito da ita duniya kuskure ne. A watan Afrilun 1965 aka buɗe Astrodome a birnin Houston na jihar Texas, katafaren filin wasa mai rufi da na'urar sanyaya iska, wanda Roy Hofheinz ya tsaya tsayin daka sai da aka gina. An yi rufin da dubban fallayen roba mai garai-garai don rana ta ratso, aka dasa ciyawa ta gaske a ƙasa. Da aka fara wasan besbol da rana, sai ƙyallin rufin ya riƙa kashe wa 'yan wasa ido, a cilla ƙwallo sama su neme ta su rasa. Aka ce to a shafe wani sashe na rufin da fenti. Ido ya huta, ciyawa kuma ta rasa rana ta bushe ƙurmus. Garin neman gira aka rasa ido!

Ka san abin da suka yi? Sauran kakar wasan nan a kan matacciyar ciyawa da turɓaya aka buga ta, an fesa musu koren fenti don 'yan kallo. Sai a 1966 aka kawo ChemGrass, ita ma ba ta wadata ba, aka fara da tsakiyar fili, sauran ya jira har tsakiyar shekara. Daga nan sunanta ya koma AstroTurf.

Filayen Amurka suka yi ta rububinta, tunda ba ban-ruwa ba yanka. Amma 'yan wasa su suka san zafinta, domin darduma ce siririya a kan daɓe mai tauri. Wanda ya zame sai ta saɓule masa fata. A 1993, a filin Veterans na Philadelphia, Wendell Davis na ƙungiyar Chicago Bears ya yi tsallen cafe ƙwallo, jijiyoyin gwiwoyinsa biyu suka tsinke lokaci guda. A Ingila kuwa QPR ta shimfiɗa tata a 1981, Luton da Oldham da Preston suka bi sahu. Ƙwallo ta riƙa tsalle kamar an jefa ta a siminti, baƙi na kukan cewa masu gida na cin bulus. QPR ta ɗaye tata a 1988, Preston ce ta ƙarshe a 1994.

Ni dai inda labarin ya fi taɓa ni shi ne wasan hoki. A gasar Olamfik ta Montreal, 1976, aka fara buga shi a kan ciyawar roba. Kafin nan Indiya ta ci zinare bakwai a wannan wasa, da gwanintar hannu da yara ke koya a filin unguwa. Sabon filin ya fi son gudu da ƙarfi, ga tsada, ƙasashen Turai na da shi birjik, Indiya da Pakistan kuwa sai ɗai-ɗai. Indiya ta ƙare ta bakwai a Montreal. Ta ci zinare a Mosko a 1980, shekarar da manyan abokan karawarta suka ƙaurace, daga nan ba ta sake ganin lambar Olamfik ba sai tagulla a Tokyo a 2021. Ba ciyawar kaɗai ta jawo ba, amma da hannunta dumu-dumu.

Wadda ake sa wa a gidaje yau jikar waccan ce. Wajen ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni irin su FieldTurf suka fito da mai dogon gashi mai laushi, ana cusa yashi da garin tsohuwar taya a tsakaninsa don ƙafa ta samu sassauci. A 2004 dokokin ƙwallon ƙafa suka amince da ita, har aka buga gasar kofin duniya ta mata ta 2015 a Kanada kacokan a kanta, duk da ƙarar da su Abby Wambach suka shigar daga baya suka janye.

Shimfiɗa ta ba wuya a ido, amma aikin na ƙasa ne. Sai an kwashe ƙasar sama, a zuba tsakuwa a daddaɓe, a ɗan karkata filin don ruwa ya wuce, sannan a malala ta, a haɗa bakunan da gam, a watsa yashi. Wanda ya yi ƙwauron tsakuwa, damina ɗaya za ta tona masa asiri. Kuma tana shan zafi fiye da ciyawar gaske nesa ba kusa ba, da tsakar rana takan haura digiri 60, ka ga a watan Afrilu irin namu ba wurin yaro mara takalmi ba ne. Garin tayar nan ma ya shiga uku, don a 2023 Tarayyar Turai ta yanke cewa daga 2031 ba za a ƙara sayar da shi don zuba wa filaye ba, saboda yadda ruwan sama ke kwasarsa zuwa koguna.