Hawayen Gidan Shehu: Yadda Magabatan Sakkwato Suka Ba Kowane Hali Na Zuciya Wurin Zama



Duk wanda ya taɓa zaman makoki a nan Mabera, ko wata unguwa ta Sakkwato, ya san yadda gaisuwar take. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an kafa rumfa saboda rana, mai zuwa ya ɗaga hannu a yi wa mamaci addu'a, sannan ya matso ya ce, "Ya haƙuri?" Amsar guda ce: "Mun gode Allah." Ba mu ga laifin wannan ba. Ladabi ne mai kyau, yana kuma rufa wa mai rashi asiri a lokacin da bakinsa ba zai iya doguwar magana ba. Abin da ya dame mu shi ne mun kwaso gaisuwar nan mun zuba ta cikin littattafanmu. A yawancin labaran da ake turowa wannan zaure, idan jaruma mutuniyar kirki ce, mijinta zai rasu a babi na biyar, ta share hawaye a layi biyu, a babi na shida ta koma dutse. Mai yawan kuka kuwa, ko mai fushi, ko wadda tsoro ya hana barci, ita ce kishiya ko uwar miji, wato mai raunin imani. Mun jera abubuwan da zuciya ke ji kamar 'yan aji ranar ba da sakamako, farin ciki ya zo na ɗaya, baƙin ciki ya ɗauki na ƙarshe.

Mutanen da suka kafa garin nan ba haka suka rubuta ba, kuma ba mu jin akwai wanda zai ce ya fi su imani a cikinmu.

Sai mun fara da karatun da suka tashi a kai. Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo gidan Ƙadiriyya ne, kuma a harshen sufaye akwai kalmomi biyu da ake rarrabewa: maƙami da hali. Maƙami shi ne matsayin da bawa ke takawa da ƙoƙarinsa, kamar tuba da haƙuri da yarda da hukuncin Allah. Hali kuwa abu ne da ke sauko wa zuciya ba tare da an kira shi ba, ya kuma tafi ba tare da sallama ba. Cikin halayen da suka fi yin magana a kai akwai ƙabdu da basɗu, wato ƙuntatar zuciya da buɗewarta. Alƙushairi ya yi bayaninsu a Risalarsa tun ƙarni na 11. Hujjarsu mai sauƙi ce: Mai Ƙuntatawa da Mai Yalwatawa duk suna cikin sunayen Allah kyawawa, to wane ne bawa da zai ce wannan baƙo na Ubangijina ne, wancan kuwa ba na karɓarsa? Ibn Aɗa'illah, mai littafin Hikam da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, har ya fi jin tsoron lokacin walwala a kan almajiri, domin a nan ne ƙafa ta fi zamewa daga ladabi. Imam Algazali, wanda ya rasu a 1111, ya haɗa tsoro da fata a littafi ɗaya cikin Ihya'u, ya nuna kowanne magani ne, wanda ya fi kuwa ya danganta da cutar da ke damun mai sha.

Mun ga matasanmu suna yawan yaɗa fassarar Turanci ta wasu baitocin Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a Koniya a 1273, inda ya kamanta ɗan Adam da masaukin baƙi, kowane abin da zuciya ta ji baƙo ne da ake tarba. Ba laifi. Sai dai ba sai mun je Turkiyya ba, abin yana nan bayan gidanmu.

Mu duba Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci cikin Tazyinul Waraƙati, ya riƙa bayyana dalilin da ya sa ya yi kowace. Mutum ne da ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto cikin Yunin 1804, 'yan watanni bayan hijira daga Degel zuwa Gudu, kuma waƙar murnar wannan nasara tana cikin littafin. Amma a ƙarshen shekarar aka yi Tsuntsuwa, inda aka ruwaito an rasa mutum wajen 2,000, kusan 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. A 1805 aka sake shan wuya a Alwasa. Alhinin abokan da ya rasa shi ma ya shiga littafin.

Sai abin da ya fi ba mu mamaki. Wajen 1807 ransa ya ɓaci da abin da ya gani a cikin jama'ar da shi kansa ya taimaka aka gina. Ya ga mutanen kirki sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka rage hankalinsu ya koma kan mulki da dukiya da dawaki da ƙwaraƙwarai. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake shugabanci, daga baya ya komo. Waƙar da ya yi cikin wannan ɓacin rai waƙa ce mai ɗaci ƙwarai. To, shekara shida bayan haka, yana babban jigo a daula, yana da ikon ya cire ta daga tarin ya bar na nasara kaɗai. Bai cire ba. Ya ajiye ta kusa da 'yan uwanta, ya kuma faɗi abin da ya jawo ta. Da ɗayanmu ne ke tace littafin, muna kyautata zaton da ya ba shi shawarar ya goge ta don kada a ce malam ya yi fushi.

Amma wadda ta fi kowa buɗe mana wannan ƙofa ita ce Nana Asma'u.

An haife ta a Degel a 1793, saboda haka tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira. Ta rasa mahaifiyarta tana ƙarama. Ta ga yunwa da gudu da gawawwaki kafin ta ga ganuwar Sakkwato, wadda yayanta Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama waziri. Ta yi tsawon rai, wanda kuwa ya yi tsawon rai shi ke binne nasa: mahaifinta a 1817, baffanta Abdullahi a 1829, Bello a Wurno a 1837, sannan mijinta, sannan ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. Ta rubuta da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma marsiyyoyi sun ci babban kaso na abin da ta bari.

A marsiyyar Bello, wadda ta yi da Fulatanci, matar da malamai ke girmamawa, mai shekara 44, ta kamanta kanta da ɗan tsakon da ya rasa uwa. Ba ta ji kunyar wannan siffa ba. Kuma da ta zo yabonsa, ba ta tsaya lissafa garuruwan da ya ci ba, halinsa ta bi: iliminsa, kyautarsa, yadda yake taimaka mata a al'amuranta. Kukan ƙanwa ne a kan yayanta, ko da yake mamacin Sarkin Musulmi ne.

Wajen 1855 ƙawarta A'ishatu ta rasu, matar Bello, wadda suka sha wahalar hijira tare tun suna yara. A marsiyyar da ta yi mata da Larabci, Asma'u ta yi wani abu da ya kamata kowane marubuci a cikinmu ya tsaya a kansa. Tana cikin bayyana kaɗaicinta da hawayenta, sai ta juya ta kare kukan da hujja. Ta nuna yin marsiyya ba zunubi ba ne, tunda an yi wa Annabi (SAW) ita bayan wafatinsa, ta ambaci Abu Sufyan (ɗan Harisu ake nufi, ɗan baffan Annabi, ba ɗan Harbu ba). Ta nuna hawayenta na tausayi ne da bege da ƙauna, abin da aka hana kuwa shi ne kururuwa. Wannan juyi yana gaya mana cewa ko a zamaninta akwai masu ɗaga gira idan suka ga malama tana kuka. Ta san da su, ta amsa musu a cikin waƙar, ta ci gaba da kukanta.

Ba sabon hukunci ta ƙirƙiro ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta babin jana'iza, inda aka halatta zubar hawaye aka hana ihu da kururuwa. Tarihin Annabi (SAW) ya nuna idanunsa sun zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har yau Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta. Annabi Yaƙub ya yi ta baƙin cikin Yusufu har ganinsa ya tafi, a cikin surar da ta siffanta haƙurinsa da kyau. Shari'a ta sa wa zaman makoki kwana 3, ta sa wa takaba wata 4 da kwana 10. Waɗannan iyakoki ne na zama da ado da aure. Ba a sa wa zuciya ranar da za ta daina kewa ba.

A nan dole mu yi adalci, kada wani ya fita daga zauren nan ya ce mun ce gidan Shehu sun halatta komai. Ba su halatta ba. Hassada da girman kai da riya cututtuka ne a wurinsu, sun kuma yi rubutu mai zafi a kansu. Risalar da muka ambata ma ta ce daurewa ta fi kyau ga wanda zai iya. Suna da ma'auni, sai dai a kan abin da mutum ya aikata suke ɗora shi, da abin da ya bari ya yi sheƙa a zuciyarsa da ganganci. Tsoron da ya sauko wa mutum da dare, ko kewar da ta taso masa yana tsakiyar salla, ba su ɗauke su alamar faɗuwa ba, kamar yadda ba su ɗauki walwala alamar karɓuwa ba. Mu ne muka haɗe biyun, muka mai da murmushi shaidar imani.

Shi ya sa idan ka bi ayyukan Asma'u ba za ka iya cewa ga halin da ta fi so a gan ta a ciki ba. A 1822, lokacin da abokan gaba suka matso Sakkwato, Bello ya aiko da waƙa wadda farkon baitocinta ke harhaɗa ayar nan ta suratu Alam Nashraha mai maganar tsanani da sauƙi, ita kuma ta mayar masa da irinta da Fulatanci. Waƙar mai fargaba ce, tana roƙo. Ita ce kuma ta yi waƙar nasarar Gawakuke, yaƙin 1836. Ita ta yi Begore, ta begen Annabi, ta yi Godaben Gaskiya mai tsoratarwa da wuta da kwaɗaitarwa da aljanna, ta yi Roƙon Ruwa lokacin fari. Hannu ɗaya, tawada ɗaya, kuma kusan kowace da sunan Allah da salati take buɗewa. Ba ta da wata ƙofar baya da take shigo da baƙin ciki ta nan don kada baƙi su gani.

Kuma ba a akwati ta kulle rubutunta ba. Ta hanyar 'Yan Taru, jajis ɗin da take naɗa wa malfa suna jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙi su koma su koyar. Matan da ke zuwa wurinta sun san malamarsu ta binne mutane da yawa kuma ba ta ɓoye kewarsu ba.

Ga abin da muke gani ya shafi alƙalaminmu kai tsaye. Jarumar da ba ta jin komai ba ta da abin da za ta yi haƙuri a kansa, saboda haka haƙurin da muke yaba mata fanko ne, mai karatu kuma yana ganewa ko bai faɗa ba. Abin da ya fi wannan nauyi, cikin masu karanta mu akwai matar da ke cikin takaba, da wayarta a hannu da tsakar dare. Idan duk mutanen kirkin da ke labaranmu suna warkewa a layi biyu, mun gaya mata cewa ita da ta kai wata uku tana kuka akwai abin da ya samu imaninta. Ƙarya muka yi mata, kuma da sunan addini. Mun fi son mu ga labari a wannan zaure inda mace za ta idar da sallar asuba, ta yi godiya da gaske, ta kuma kasa taɓa kofin shayin mijinta da ke kan tire, duka a shafi ɗaya, ba tare da marubuci ya shigo ya ba ta haƙuri ba.

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙaninta Isa, wanda aka haifa bayan rasuwar Shehu, ya kuma mayar da waƙoƙin gidansu da dama zuwa Hausa, shi ya ɗauki alƙalami ya yi mata marsiyya. Takardunta sun zauna a gidan waziri har zamanin Waziri Junaidu, wanda ya buɗe wa Jean Boyd su, ita kuma tare da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta da fassara a 1997. Daga Mabera zuwa Hubbare kuwa tafiyar kabu-kabu ce ta 'yan mintoci, kuma har yau mata na tahowa daga ƙauyuka su yi ziyara a wurin.