Alfred Butts: Mutumin da Rashin Aiki Ya Sa Ya Ƙirƙiro Wasan Scrabble

Hausawa kan ce, wani hanin ga Allah baiwa ne. Tarihin Alfred Mosher Butts ya gaskata wannan karin magana.

An haifi Butts a garin Poughkeepsie na Jihar New York ta Amurka a shekarar 1899. Ya yi karatun zanen gine-gine a Jami'ar Pennsylvania, sannan ya kama aiki a birnin New York. A shekarar 1931, sa'ad da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, aka sallame shi. Maimakon zaman kashe wando, sai ya duƙufa wajen nazarin wasanni. Ya lura wasu na sa'a ne, wasu kuma na basira, don haka ya ƙudurta haɗa biyun cikin wasan harhaɗa kalmomi.

Ya tattara jaridu, ya riƙa ƙirga sau nawa kowane harafin Turanci ke fitowa. Wannan lissafi ne tushen rabon 'ya'yan wasan guda 100. Harafin E, saboda yawansa, ya sami guda 12 masu maki ɗai-ɗai. Q da Z kuwa guda-guda ne, kowane da maki 10.

Da fari ya raɗa wa wasan suna Lexiko. A 1938 ya ƙara masa allo mai gidaje 225, amma kamfanoni suka ƙi karɓa. Sai a 1948 James Brunot na Jihar Connecticut ya karɓi haƙƙin sarrafa shi, ya sa masa suna Scrabble. Da shi da matarsa suka riƙa haɗa shi a wata tsohuwar makaranta, suna tafka asara. A 1952 babban kantin Macy's ya fara sayar da shi, nan take kasuwa ta buɗe.

Abin da Butts yake samu a kan kowane kwali bai taka kara ya karya ba, amma ya ishe shi rufin asiri. Ya rasu a 1993, yana da shekara 93.

A 2015, a birnin Perth na Ostareliya, Wellington Jighere ɗan Nijeriya ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kofin duniya na wannan wasa.

Matasanmu da ke jiran aiki su duba: shekara 21 Butts ya yi kafin haƙarsa ta cim ma ruwa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.